Ranar Da Na Fita Gona Cikin Takaba

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bin labarina. Kafin in ɗora, akwai wata baiwar Allah da ta rubuto a ƙarƙashin rubutun da ya wuce, ta ce wai ba ni da kunya, mijina bai yi wata a kabari ba ina kawo zancen wani namiji. 'Yar uwa, na gani, har sau biyu na karanta, don ni karatuna a hankali nake yin sa, firamare kawai na gama. Ba zan zage ki ba. Ki dai karanta wannan har ƙarshe, sannan ki faɗi abin da ke bakinki.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Fiddausi. 'Yar Dandume ce ni, aure ya kawo ni Maska. Mijina Rabe, wanda har ya koma ga Allah ban taɓa kama sunansa a bakina ba sai dai in ce Baban Najiba, manomin irin masara ne. Ba masarar tuwo yake nomawa ba, iri yake fitarwa, wanda kamfani ke ɗauka ya zuba a leda ya sayar wa manoma. Damina biyu ke nan da motar itace ta buge shi a kan babur a hanyar Funtua, ya je sayo taki. Ya bar ni da 'ya ɗaya, Najiba, lokacin shekararta huɗu, da gonaki biyu da ya riga ya shuka, ta tudu da ta rafi, sai kuma ɗalibai uku.

Eh, ɗalibai. Kowace damina kwalejin koyon aikin gona tana turo masa yara su yi wata huɗu a hannunsa, su koyi aiki da hannu ba a kan allo ba. Kowa da littafinsa, kullum ya rubuta abin da ya yi, mai gona ya sa hannu. In babu wannan, ba takardar gama makaranta. A waccan shekarar akwai Kudirat, Bayarabiya haihuwar Funtua, wadda Hausarta ta fi tawa gudu. Akwai Clement, ɗan wajen Malumfashi, mai shiru kamar an aiko shi sauraro. Sai Kamalu ɗan Bakori, wanda in an ce aiki ciwon kai ya kama shi, in an ce abinci ya warke. Mai kawo su yana zagayowa duba su shi ne malaminsu, Malam Sadiq, abokin Baban Najiba tun firamare. Shi ne ma ɗan rakiyarsa lokacin da yake zuwa zance gidanmu. Bai taɓa aure ba. Ku riƙe wannan.

Dole in ɗan yi muku bayanin noman iri, in ba haka ba za ku ce haukan takaba ne ya kama ni. Masara iri biyu ake shukawa a gona ɗaya, ɗaya ana ce mata mace, ɗaya namiji. Layi huɗu mace, layi biyu namiji, haka har ƙarshen gona. In ta kusa fitar da tuta, sai a bi layukan mace a zare tutarsu tun ba ta buɗe ba, a bar ta namiji, don garin tutar namijin kaɗai ya sauka a gemun macen. In aka yi sake tutar mace ta buɗe ta zubar da nata garin, iri ya gurɓace, ya koma masarar tuwo. In kuma aka zare ta namiji bisa kuskure, goyo ya fito ba ƙwaya. Kafin tuta ta fito kuwa, a ido duk ɗaya suke.

Shi ya sa Baban Najiba yake shuka yakuwa a kan kowane layin namiji, ta zama alama. Malam Sadiq ya sha ce masa ya zana gonar a takarda, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Takarda ruwa na jiƙa ta, gara na cin ta. Yakuwa kuwa ruwa ƙara mata lafiya yake yi."

To, ranar sadakar bakwai gida ya cika ba masaka tsinke. Aka ɗora manyan tukwane za a yi faten tsaki, yakuwa ta gaza. Sai wata gwaggonsa ta ce ai ta ga yakuwa jere reras a bakin gonakin marigayi. Mata suka ɗauki buhuna suka tafi, suka tuge ta tas, ta tudu da ta rafi. Har cewa suke ladan ya fi saurin kai masa tunda daga gonarsa ta fito. Ba wadda ta yi da mugunta, Allah shaida. Ni kaina na sha faten nan cokali biyu, ban san abin da nake sha ba. Bayan kwana biyu Yaya Sanda, wan mijina, ya sa shanu suka yi huɗa, aka tafka ruwa a kai, ko gurbin yakuwar ya ɓace.

Ban san da wannan ba sai ranar da na cika kwana ashirin da biyu a takaba. Ranar Litinin ce, da hantsi. Ina zaune a ɗaki a kan tabarma, cikin zanen nan mai ruwan toka da hijabin da ya koɗe, ba kwalli, ba mai, kaina ko kitso babu. Na ji an cire takalmin roba a bakin ƙofa, sai ga Kudirat ta yi sallama. Idonta ja. A hannunta akwai kan masara da ta karyo.

"Anti, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Me kika riƙo?"

Ta durƙusa ta buɗe ganyen a gabana. Tuta ce a ciki, kore shar, ta kusa leƙowa.

"Kwana biyu ko uku, Anti. Wasu ma gobe za su fito. Kuma ba mu san layin da za mu taɓa ba."

"Ku bi yakuwa mana."

Ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. "Anti, yakuwar fa ku kuka shanye."

Ta ba ni labari kaf. Su an ce su tafi gida har a yi bakwai, da suka dawo suka tarar da gona fes, ba alama ko ɗaya. Sun yi ta ɓoye mini don kada su ƙara mini damuwa, suna fatan Malam Sadiq zai gane. Ya zo ya zagaya gonar sau biyu, ya ce sai tuta ta buɗe zai iya bambancewa, lokacin kuwa aikin gama ya gama.

"Mutumin kamfani fa?"

"Ya ce ba ya nan ranar shuka. In ya zo dubawa ya ga tutar mace a buɗe, zai soke gonar ne kawai." Ta share hanci da gefen ɗankwalinta. "Anti, ni ba don takardata kaɗai ba. Oga ya ce ba za mu bar gonarsa ba sai mun iya aikin nan da hannunmu. Tun daga aji ɗaya a hoto nake ganin zare tuta."

Oga suke ce wa Baban Najiba. Shekara shida mutumin nan yana fitar da iri, ba a taɓa dawo masa da ko buhu ɗaya ba. Yanzu shukarsa ta ƙarshe a duniya ita ce za a soke?

"Ni na san layukan," na ce mata.

Don ni na shuka namijin da hannuna. Baban Najiba ba ya yarda ɗan ƙwadago ya taɓa irin namiji, kada a cakuɗa. Ni yake ba ƙwaryar, in bi layi, shi yana bayana yana sa yakuwa. A lokacin ma mutanen gari sun yi magana, wai ya fitar da matarsa gona, ya ce su yi ta yi.

"Ki faɗa mini in rubuta," in ji Kudirat, ta zaro biro.

Na rufe ido na gwada. Daga gindin bishiyar ɗorawa layi biyu, sai huɗu, sai biyu. Daga nan komai ya cuɗe. Akwai wurin da muka tsallake, akwai wurin da iri ya kusa ƙarewa. Ƙafata ce ta san wurin, ba bakina ba.

"Sai na taka gonar," na ce.

Ta zaro ido. "Anti, takaba fa."

"Na san sunanta."

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Malam Sadiq. Har yau yana cikin wayar, ga shi yadda ya rubuto:

"Salam Maman Najiba. Kudirat ta gaya min abin da kika ce. Don Allah kada ki fita, kada ki ja wa kanki magana. Littattafan yara zan san yadda zan yi, zan cike in sa hannu, ba wanda zai tambaya. Ki kula da lafiyarki, akwai masu buƙatarta. Mace irinki ba ta rasa mai riƙe ta da daraja idan lokaci ya yi."

'Yan uwa, ni ba yarinya ba ce. Na san mai takaba ba a yi mata zancen aure ɓaro-ɓaro, sai dai a zagaya, a jefa magana a gefe. To ga shi ya zagayo. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya: da na karanta layin ƙarshen nan zuciyata ta ɗan motsa, kamar yadda mai jin sanyi ke ji in an buɗe ƙofar madafi. Nan take kuma na ji haushin kaina, na ji haushinsa. Ɗan rakiya! Mutumin da yake zama a kan dakali yana kore sauro mu muna hira.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na tsakiyar. Zan cike in sa hannu. Na daɗe ina danna waya kafin in haɗa amsa, don rubutu yana ba ni wuya:

"Malam, abokinka bai taɓa sa hannu a kan aikin da ba a yi ba. Gobe ƙarfe bakwai ina gona. Sauran maganar ban ji ta ba."

Daga nan na tura wa Malamarmu ta Islamiyya saƙon murya, na gaya mata komai ban rage ba. Ta maido mini cewa mai takaba tana iya fita da rana don lalura, muddin ba ta yi ado ba, kuma ta kwana a ɗakinta. Ta ƙara da cewa, "Amma Fiddausi, abin da shari'a ta yarda daban, abin da bakin mutane ya yarda daban. Ki shirya."

Ban so in fita kamar ɓarauniya ba. Na sa hijabi na tafi ɗakin Inno, mahaifiyar mijina. Tana zaune a bakin gado da carbi, ta rame ta yi baƙi, tuwon rana yana gefe ba ta taɓa ba. Yaya Sanda yana kan kujera ya zo gaishe ta. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, kaina a ƙasa.

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Me kika ce?"

"Gona nake so in je gobe, Inno. In nuna wa yara layi in dawo kafin azahar."

"Ɗana na rasa. Ɗana! Ke masara ce a ranki?"

"Masararsa ce, Inno."

"A gidan nan uwar mijina ta yi takaba, ni ma a nan na yi ta ubansu. Ko zaure ban leƙa ba har na fita. Ke wace ce?"

Yaya Sanda ya gyara zama. Mutum ne mai magana a hankali, irin wanda in zai yanke ka sai ya fara da murmushi.

"Fiddausi, mene ne abin tashin hankali? In ta gurɓace ba masara ba ce? Mu sussuka mu ci tuwo. Ba abin da ya zube a ƙasa."

"Yaya, sunansa ne zai zube."

"Suna? Wanda ke kabari addu'a yake so, ba suna ba."

"Yaran fa? Amana aka ba shi."

"Yaran gwamnati ne, ta san yadda za ta yi da abinta." Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Ko dai malamin yaran ne? Ta'aziyya sau uku, kowace da ledar madara da sukari. Ni da na rasa ƙane ban ga ko gwangwani ɗaya ba. Mun san mai jiran ki a gonar."

Da a ce ƙarya ce tsagwaronta da ba ta yi mini zafi haka ba, sai ga saƙon mutumin yana cikin wayar da ke ɗaure a bakin zanena. Na ɗago kai na dube shi, abin da ban taɓa yi ba tunda aka kawo ni gidan.

"Yaya, in kana tsoron wanda ke jira na, ka zo mu tafi tare. Ka riƙe mini ƙwarya. Ko ka turo Yaya Tasalla, matarka, ta tsaya a kaina. Amma ba zan zauna a kan tabarma ina jan carbi, aikin da ya mutu a kan hanyarsa yana lalacewa a bayan gari ba."

"Ji bakinta!" in ji Inno. "Wannan ce mai takaba? Mai takaba da ko muryarta ba a ji?"

"Ki yafe ni, Inno. Na tambayi malamai, sun ce ba haramun ba ne."

"Malaman waya," in ji Yaya Sanda. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Ƙofa a buɗe take. Ki gwada."

Washegari bayan na yi wa Najiba wanka na ba ta koko, na buɗe akwatina. Akwai wata jar atamfa ta cikin lefena, wadda Baban Najiba ya fi so in ɗaura ranar Juma'a. Ba zan iya taɓa tufafinsa ba, sun zama kayan gado, amma wannan tawa ce, kuma ba ɗaura ta zan yi ba a watannin nan. Na ɗauki 'yar wuƙar da tsofaffi ke ba mai takaba ta riƙe, na tsaga atamfar siri-siri, na cika leda da tsummoki. Ban yi kuka ba. Na sa hijabina mai ruwan toka, na zura silifas.

Inno tana tsakar gida a kan turmi da ta kifar. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na ce na tafi, ta juya mini ƙeya. Yaya Sanda yana zaure da waya a kunne, ya janye ƙafarsa kawai na wuce.

Hasken waje ya kashe mini ido, kwana ashirin da uku ban gan shi ba. Kudirat tana jira na a gindin bedi, da takalmin robarta har gwiwa da malafa a kan ɗankwali. Muka bi ta bayan masallaci. Mai shayi ya tsaya da juya kofi. Wasu mata da ke dawowa daga rijiya suka ja gefe kamar sun ga gawa ta tashi, na ji ɗaya tana cewa, "Innalillahi, matar Rabe ce fa."

"Anti, kada ki waiga," in ji Kudirat ƙasa-ƙasa. "In kika waiga zan rama miki, kuma bakina ba shi da birki."

Gonar tudu ta yi kyau har ta ba ni haushi. Masara ta fi ni tsayi, kore har tana baƙi, raɓa na ɗiga. Mai ita bai ga wannan ba. Clement da Kamalu suna gindin ɗorawa, suka taso suka gaishe ni.

"Anti, ni fa na ce a ƙirga kawai," in ji Kamalu. "Huɗu, biyu, huɗu, biyu. Lissafi ne. Da ba a taso ki ba."

"Daga wane gefe za ka fara ƙirgar?"

Ya sosa ƙeya.

"Riƙe ledar nan, mai lissafi."

Na tsaya a gindin ɗorawa inda muka ajiye Najiba ranar shuka, na fara takawa. Layi na farko da na biyu nawa ne. Na ɗaura jan tsumma a karan farko na kowanne. Na wuce huɗu, na ɗaura biyu. Ƙafata tana tafiya, hannuna yana ɗauri, su suna bina a baya ba mai tari. Sai da muka kai wajen suri, tsakiyar gona, na tsaya cak.

Layi ya rabu biyu ya zagaye surin. Na san a nan muka saɓa ƙa'ida, mace ta zama biyar. Amma namijin ta gabas ya bi ko ta yamma? Na duba nan, na duba can. Duk kore, duk ɗaya. In na kuskure a nan, duk abin da ke gaba ya karkace, rabin gona ya tafi.

"Anti?" in ji Clement.

"Ku yi mini shiru."

Na hau gefen surin kamar yadda na hau ranar. Ƙafata ta zame a kan jar ƙasar, na dafa da hannu. A nan abin ya dawo mini. Haka na zame ranar shuka, ƙwaryar ta kife, iri ya watse. Baban Najiba ya durƙusa yana tsince shi ɗaya bayan ɗaya yana dariya, yana cewa, "Hajiya, wannan ba gero ba ne da za ki watsa wa kaji." Rana tana dukan fuskarsa yana kare ta da hannu, da safe ne, ke nan gabas yake kallo, ni ina gabansa. Ya ce tunda iri ya zaɓi nan, mu bar shi a nan.

Na sauko ta gabas, na ɗaura tsumma biyu. Sannan na zauna a kan kunyar masara na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Kudirat ta tsaya ta ba ni baya, ta kare ni daga mazan, har na gama. Na share fuska da hijabi na tashi. Can wajen kwari inda iri ya kusa ƙarewa, layi ɗaya ne namiji maimakon biyu, har sau uku. Na nuna wa Kamalu.

"Ga lissafinka nan."

"Na tuba, Anti."

Muna dawowa bakin gona muka tarar da motar Malam Sadiq. Yana tsaye cikin farar shadda da hula zanna, da lema a hannu da robar ruwa. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa.

"Maman Najiba, kin yi ƙoƙari. Ki shiga mota ki huta, in sa a mai da ke gida."

"Da ƙafa na zo, Malam, da ita zan koma. In koyarwa ta kawo ka, ga layi can ba mai shi."

Kamalu ya tuntsire da dariya ya mai da ita tari. Malam Sadiq ya dubi shaddarsa, ya dubi laka. Sai ya ajiye lema, ya cire hula da agogo ya ɗora a kan mota, ya naɗe hannun riga. Wannan kam na yaba masa.

Na tara su a layin mace na farko, na nuna musu yadda Baban Najiba ya nuna mini. Ka riƙe kara da hagu don kada ya karye. Ka zura dama cikin kan, ka laluba har ka ji tutar, ka kama ta gaba ɗaya, ka ja sama tsaye, ba gefe ba. Kada ka ciro ganye fiye da ɗaya, ganyen ne ke ciyar da goyo. In ta tsinke, ka koma ka ciro ragowar, don reshe ɗaya ya isa ɓata layi. Kudirat ta zura hannu, ta ja. Ta fito ƙit, cikakkiya. Yarinyar nan ta ɗaga ta sama tana tsalle a cikin laka.

"Shekara biyu ina zana abin nan a jarrabawa! Ashe ma ƙara take yi!"

Muka shiga aiki. Ganye yana yankar hannu, raɓa ta jiƙa mu har wuya. Ni ina bin bayansu layi-layi ina leƙa kan kowace masara. Na Clement tsaf. Na Kudirat biyu ta tsallake, na kira ta ta dawo. Na Malam Sadiq, malami guda, ganye uku-uku yake cirowa, sai da na ce masa dawa ba ta yi masa laifi ba balle masara. Na Kamalu kuwa rabi duk guntaye ya bari.

Da rana ta take, suka kawo littattafansu gindin ɗorawa. Kudirat ta buɗe nata ta miƙo mini biro. Shafukan baya duk sa hannunsa ne, sai fili na mako uku.

"Ni? Ban yi makaranta ba."

"Wurin sa hannun cewa ya yi wanda ya koyar da aikin," in ji Malam Sadiq. "Yau ke kika koyar, har da ni."

Na rubuta sunana harafi ɗaya-ɗaya, ya fito a karkace. Na sa wa Clement. Kamalu ya miƙo nasa yana washe baki, na mai da masa.

"Koma layinka ka ciro guntayen nan. In na gani da idona sai in sa."

"Haba Anti, ko Oga yana ɗaga ƙafa."

"Ƙarya kake yi masa."

Ya koma yana ƙunƙuni. Na dubi inuwa, azahar ta kusa, kuma na ce kafin azahar zan dawo. Gonar rafi tana can tsallaken ruwa, ba a ɗaura mata ko tsumma ɗaya ba, ita ma kwana biyu ya rage mata. Na ce musu gobe a can za mu haɗu.

Na juya zan tafi, Malam Sadiq ya matso, bai kai kusa ba, shaddarsa duk laka.

"Maman Najiba, game da saƙon jiya. In na yi kuskure..."

"Ka yi. Saura wata uku da kwana goma sha bakwai, Malam. Kafin nan ni matar abokinka ce. Bayan nan ma ban yi maka alkawarin komai ba. Ka daina kawo madara."

Ban tsaya ganin fuskarsa ba, don ina tsoron abin da tawa za ta nuna.

Kudirat ta rako ni har kwanar gidanmu. Tun daga nesa na hango wani babur a jingine a ƙofar gida, baƙi, da buzu ɗaure a kan kujera. Babur ɗin Baba ne, mahaifina. Ashe wayar da Yaya Sanda yake yi da safe Dandume ya kira.

Ku da ba ku san Baba ba, mutum ne da bai taɓa duka na ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ni kuma tunda na yi wayo ban taɓa ce masa a'a ba. Da zagi ne da na iya, da Yaya Sanda ne da na iya. Na tsaya a bakin zaure, zanena jiƙe sharkaf, laka har idon sawu, hannuna duk yankan ganye.

Yana zaune a kan tabarma, Yaya Sanda a gefensa. Ta cikin gida ina jin motsin Inno a bayan ƙyaure. Na cire silifas na durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba."

Bai amsa gaisuwar ba. Ya daɗe yana kallon hannuwana.

"Daga ina?"

"Daga gona, Baba."

"Na ji abin da aka ce, ban zo yin shari'a ba. Tun daga Dandume nake haɗiye kunya a kan hanya. Abu ɗaya nake so. Ki ce mini a gaban wan mijinki ba za ki sake taka waje ba har ki fita takaba, magana ta mutu a nan, in hau babur ɗina in koma."

Yaya Sanda ya harɗe hannu yana kallon rufin zaure. Kalma ɗaya ake jira, "to". Ita na saba faɗa masa shekara ashirin da shida. Na ji ta ta taso har bakina. Na haɗiye ta.

"Baba, ka yafe mini duniya da lahira. Saura gonar rafi. Gobe ƙarfe bakwai zan fita."

Baba ya cire hularsa a hankali ya ɗora a kan gwiwa. Bai dube ni ba. Ya juya wajen Yaya Sanda.

"Sanda," ya ce, "ba mu wuri."